Daga Kan Tabarma: Gayyar masu kirifto da yadda suke rabon abin da aka samu

 

Tambaya guda ce ta yi ta zuwa mana a watannin nan, kuma kusan kalmominta ɗaya ne ko daga ina ta fito. Ɗan wata ko ƙanen mijin wata ya zo da salula a hannu, ya ce akwai kuɗin intanet da ake kira kirifto, masu shi sun haɗa kai kamar yadda muke yi, suna raba riba tsakaninsu, don haka a ba shi wani abu daga akwati ya juya, kafin ranar fasa asusu ya ninka. Wasu shugabanni sun ƙi, amma sun rasa hujjar da za su ba yaran. Wasu kuma zuciyarsu ta fara rawa. Shi ya sa muka ce yau a shimfiɗa maganar. Haɗin kan da ake faɗi akwai shi, rabon ma akwai shi. Sai mu ga yadda suke, mu ga ko sun yi kama da abin da ake kawo mana ƙofar gida.

Littafin da kowa ke riƙe da shi

A ƙungiyarmu sakatariya ce ke rubuta zubi da bashi da tara, akwati kuma yana da makulli uku a hannun mata uku. Bitcoin, wanda shi ne babban wan waɗannan kuɗaɗe, ya fara aiki a Janairun 2009, kuma ba shi da sakatariya ɗaya. Littafinsa yana cikin dubban kwamfutoci a duniya, kowace da kwafinta. Kusan kowane minti 10 ana ƙara sabon shafi. Masu injuna suna tseren warware wani lissafi mai wuya, wanda ya riga shi ke rubuta shafin, a biya shi da sababbin kuɗi da ɗan ladan da masu aikawa suka biya. Wannan aiki shi ake kira haƙa. Da farko ladan shafi Bitcoin 50 ne, ana rage shi da rabi kusan duk shekara 4, tun Afrilun 2024 ya koma 3.125.

Bayan Bitcoin sai ƙannensa suka yi ta fitowa, dubbai, da yawansu da littafinsu da masu haƙarsu. Matsalarsu guda ce: ƙarancin masu tsaro. In mutum ɗaya ya tara ƙarfin injuna fiye da rabin na duk masu haƙar wani kuɗi, yana iya sake rubuta shafukan baya-bayan nan, ya kashe kuɗi ɗaya sau biyu. Kamar a ce mace ɗaya ta haɗa makullan nan uku da littafi a ɗakinta. Hakan ya faru. A Mayun 2018 an yi wa Bitcoin Gold wannan aika-aika, aka kwashe abin da ya kai wajen dalar Amurka miliyan 18. Dalar Amurka fa muka ce, ba dalarmu ta tamma biyar ba. A Agustan 2020 kuma sau uku aka kai wa Ethereum Classic irin wannan hari cikin wata guda. Tsoron wannan ne ya fara tura ƙananan kuɗaɗe neman haɗin kai.

Hatsi da wake a gona ɗaya

Dubarar farko ita ce haƙa tare. Duk wadda ta taɓa shuka wake cikin hatsi ta san ta: noma ɗaya, gumi ɗaya, amfani biyu. Inji ɗaya yana yin lissafi sau ɗaya, littattafai biyu su karɓi aikin, kowane ya biya da kuɗinsa. Namecoin ne ya fara jingina da Bitcoin ta wannan hanya a 2011.

Labarin da ya fi daɗin ji shi ne na Litecoin da Dogecoin. Wani mai suna Charlie Lee ne ya fito da Litecoin a Oktoban 2011. Dogecoin kuwa mutum biyu ne, Billy Markus da Jackson Palmer, suka ƙirƙiro shi a Disamban 2013 don wasa, har da hoton kare a jikinsa. Wasa ya zama gaske, mutane suka shiga da dukiyarsu. Amma an tsara ladan haƙarsa ya riƙa raguwa da sauri, duk wata biyu da ƴan kwanaki sai ya ragu da rabi. Lada na raguwa, masu injuna na shirin watsewa, ƙofa na neman zama a buɗe ga ɓarayi. A 2014 Charlie Lee ya ba su shawara su bari masu haƙar Litecoin su riƙa haƙa nasu a lokaci guda, tunda irin lissafinsu ɗaya ne. An yi gardama sosai. Wasu suka ce za su zama ƴan amshin shata, manya su kwashe lada su sayar. Daga ƙarshe aka yarda, a Satumban 2014 aka fara. Ƙarfin tsaron Dogecoin ya ninka sau da yawa, kuma har yau su biyun suna tafe tare.

Ga inda abin ya ba da mamaki. Litecoin yana buɗe shafi duk minti biyu da rabi, ladansa tun Agustan 2023 shi ne 6.25. Dogecoin yana buɗe shafi duk minti ɗaya, ladansa 10,000. Wato cikin minti biyu da rabin nan mai inji yana neman Litecoin 6.25 da Dogecoin 25,000. Da farashin Dogecoin ya tashi a 2021, sai abin da masu injuna ke samu daga ƙaramin ya fi na babban. Ƙanwar da aka goya ita ce ta koma cefanen gidan.

Sai dai jingina da babba tana da haɗarinta. A farkon 2012 wani ƙaramin kuɗi mai suna Coiledcoin ya buɗe ƙofarsa don a haƙa shi tare da Bitcoin. Wani mai babban ƙarfin haƙa, wanda bai so shi ba, ya danne littafinsa ya hana kowa rubutu, kuɗin ya mutu tun yana jariri. Shi kuma bai yi asarar komai ba, domin hatsinsa na nan, waken wasu ne ya tattake. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Gayyar masu haƙa

Dubara ta biyu ita ce gayya. Mai ƙaramin inji yana iya shekara da shekaru bai ci tseren shafi ko sau ɗaya ba, alhali kullum yana biyan kuɗin wuta. Sai masu injuna suka haɗa ƙarfinsu cikin gungu. Duk wanda ya ci a cikinsu, ladan na kowa ne, a raba gwargwadon aikin da injin kowa ya yi, mai riƙe da gungun ya cire ɗan ladansa. Gungu na farko ya fara a ƙarshen 2010 a ƙasar Cek, a Turai. Wannan ya yi kama da rabonmu na ƙarshen zagaye, inda mai zubi biyu ke ɗaukar ninkin mai zubi ɗaya.

A nan ma girma ya kawo tsoro. A tsakiyar 2014 wani gungu mai suna GHash.io ya haura rabin ƙarfin haƙar Bitcoin gaba ɗaya. Hankalin mutane ya tashi, wasu masu injuna suka janye da kansu suka koma wasu gungu, shi kuma ya yi alkawarin ba zai ƙara wuce kashi 40 cikin 100 ba. Mutanen da ba su san juna ba ma sun gane cewa makulli uku ba sa zama a hannu ɗaya.

Wa ke cin nawa?

Sai babbar magana, wato rabon sabon kuɗin da ke fitowa da kowane shafi. A Bitcoin mai haƙa ke kwashe duka. Wasu ƙannen suka ce a'a, ai akwai masu gyaran manhaja, akwai masu riƙe littafi, su ma suna aiki. Kowane kuɗi ya yanka nasa rabon.

Dash, wanda ya fito a 2014, ya daɗe yana raba lada gida uku: kashi 45 ga masu haƙa, kashi 45 ga manyan masu riƙe littafi, kashi 10 kuma a zuba a baitulmali. Duk mai wani aiki da yake ganin zai amfani kuɗin sai ya kawo buƙatarsa, a jefa ƙuri'a duk wata. Kun ga ya yi kama da ƙaramin asusunmu na taimako, wanda muke taɓawa in an yi haihuwa ko rashin lafiya ko rasuwa. Amma ku ji sharaɗin ƙuri'ar: sai wanda ya ajiye Dash 1,000 yake da murya ɗaya, mai 10,000 yana iya samun murya 10. A tabarmarmu Hajiya mai zubi biyar da yarinyar da ta shigo bana da zubi ɗaya, hannu ɗaya kowace ke ɗagawa. Wannan bambanci ba ƙarami ba ne.

Zcash ya fito a Oktoban 2016 da sharaɗin cewa shekara 4 na farko kashi 20 na lada na waɗanda suka kafa shi ne da masu zuba jari da ma'aikatansu. Wasu suka ga abin ya yi yawa. Ko wata biyu ba a yi ba suka kwafi tsarin suka cire wannan kaso, suka kira nasu Zclassic. Da wa'adin ya cika a Nuwamban 2020, bayan doguwar muhawara, aka bar kashi 80 ga masu haƙa, sauran 20 aka raba: 7 ga kamfanin da ke gyaran manhaja, 5 ga gidauniyarsu, 8 kuma tallafi ga masu aiki na waje. Abin lura, rabon farko yana da ranar ƙarewa a rubuce, kowa ya san ta tun kafin ya shiga.

Bitcoin Cash kuwa rabo ne ya raba gidansu. A 2020 wani jagoran masu gyaran manhajarsa ya ce dole a riƙa cire kashi 8 na lada a ba masu aikin gyara. Yawancin masu haƙa suka ce ba da su aka yi shawara ba. A Nuwamban shekarar littafin ya tsage biyu, kowane ɓangare ya kama gabansa, ƙaramin ɓangaren daga baya ya koma suna eCash. Duk wadda ta taɓa ganin ƙungiya ta watse saboda an sauya dokar rabo ana tsakiyar zagaye ta san wannan ciwo.

Akwai kuma Devcoin, na 2011, wanda ya fi kowa kyauta. Kashi 90 na ladansa na masu rubuta manhaja da marubuta ne waɗanda ke sakin aikinsu kyauta ga jama'a, kashi 10 kawai na masu haƙa. Niyya mai kyau ƙwarai. Amma kuɗin bai samu masu saye ba, darajarsa ta zauna a ƙasa. Kashi 90 na abin da ba mai saye, ko gishirin miya ba ya kawowa.

Daga ina ribar take fitowa?

Nan ne muke so kowace shugaba ta buɗe kunne. In muka fasa asusu muka tarar da ƙari a kan zubinmu, mun san inda ya fito. Wata ta ci bashin jaka 20 ta yi ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, wata ta sayi jar akuya ta kiwata, wata ta sari albasar Galmi, suka maido da ɗan abin da aka amince. Ana iya nuna kowace dala da yatsa.

Abin da masu kirifto ke rabawa sababbin kuɗi ne da tsarin ke fitarwa, da ladan masu aikawa. Ba ya zama abin cefane sai an sami wanda zai saye shi da sefa ko naira ko dalar Amurka, a farashin ranar. Farashin kuwa ba shi da linzami. Dogecoin ɗin nan da muka yaba haɗin kansa, a Mayun 2021 ya haura kashi 70 cikin 100 na dalar Amurka ɗaya, zuwa tsakiyar 2022 ya faɗo ƙasa da kashi 10. Wadda ta sa jaka 100 a ranar da ya kai ƙololuwa, zuwa tsakiyar 2022 abin da ke hannunta bai kai jaka 15 ba. Ba wanda ya sace mata, kasuwa ce kawai. Kuma babu ofishin da za ta kai kuka, domin kuɗin da doka ta sani a ƙasarmu shi ne sefa na babban bankin BCEAO.

Na biyu, rabon da muka lissafa duk na masu aiki ne: mai inji, mai riƙe littafi, mai gyaran manhaja. Injunan haƙa na musamman ne, masu tsada, masu shan wuta dare da rana. Salula ba ta wannan aiki. Danne-dannen da yaranmu suka yi ta yi a waya, irin na Hamster Kombat a 2024, suna jiran ranar da za ta “fashe”, wani abu ne dabam: masu manhajar ne ke raba kyauta yadda suka ga dama, kuma da yawa sun ga abin da suka samu bai kai wahalarsu da kuɗin data ba. Mu in mun ce fasa asusu, mun san ranar, mun san abin da ke ciki.

Na uku, macuta sun gane cewa kalmomin haɗin kai da rabon riba suna da zaƙi a kunne. OneCoin ya fito daga Bulgeriya a 2014, shugabarsa Ruja Ignatova tana cika manyan zauruka da jawabi. Ashe ko littafin gaskiya babu. Hukumomin Amurka sun ce an karɓi fiye da dala biliyan 4 daga hannun mutane a duniya. Ita ta ɓace tun Oktoban 2017, abokin aikinta kuma an yanke masa shekara 20 a 2023. Maƙwabtanmu na Najeriya ba su manta da MMM ba, mai alkawarin kashi 30 duk wata, wanda ya rufe asusun mutane a Disamban 2016, ga kuma CBEX da ya rufe da kuɗin jama'a a Afrilun 2025. Salon iri ɗaya ne: kuɗin sabon shiga ake ba tsohon shiga a ce riba ce, ranar da sababbi suka ƙare sai a ja ƙofa. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Abin da za mu ce wa mai salula

Ba sai an yi faɗa da yaro ba, ɗanmu ne, kuma sau da yawa shi ma da zuciya ɗaya ya zo. A zaunar da shi gaban ƙungiya a tambaye shi. Wane aiki kuɗinmu zai yi, wa zai biya ribar, daga wace sana'a? An yi alkawarin riba tsayayya duk wata? In eh, to ko Bitcoin da Litecoin ba su taɓa yi wa kowa wannan alkawari ba. Sai mun kawo wasu mutane kafin rabonmu ya ƙaru? In muna son kuɗinmu ranar Laraba mai zuwa, wa zai ƙirga mana shi a hannu, a wane gari yake? In abin ya lalace, gaban wa za mu kai shi?

Matsayinmu dai a fili yake: kuɗin akwati amana ne, na mata 25 ko 30 ne, wasu da dala ashirin-ashirin suka tara shi. Ba ya shiga kirifto, ko na gaskiya ko na ƙarya. Wanda ke son gwada sa'arsa ya gwada da nasa, da abin da in ya tafi ba zai hana tukunya hawa wuta ba. Ƙungiyar da dokarta ba ta faɗi inda aka hana kai kuɗin akwati ba, ta ƙara wannan layi a zama na gaba, a karanta da ƙarfi kowa ta ji.

Abin da za mu ɗauka

Tun da aka fara Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi a 1991 tare da CARE, tsarinmu ya bazu zuwa ƙasashe da dama, ƙungiyoyinmu kuma suna haɗuwa su kafa tarayya, su sayi hatsi da kaka su ajiye, ko su nemi babban bashi tare. Labarin waɗannan kuɗaɗe yana da abin da zai gaya wa irin wannan tarayya.

Ƙaramar ƙungiya tana iya tsira in ta jingina da babba, kamar Dogecoin. Amma kafin ta jingina ta duba ko babbar tana da abin da za ta rasa in tarayyar ta lalace. Wadda ba ta da ko buhu ɗaya a rumbun, kada a ba ta makullinsa. A rubuta rabo tun kafin a zuba ko dala: nawa na masu zubi, nawa na masu wahalar saye da awo da tsaro, nawa zai zauna a asusun tarayya. Masu wahala a biya su a fili, da adadi da wa'adi, kamar yadda Zcash ya sa wa nasa rana, don kada su biya kansu a ɓoye. Kada a taɓa dokar rabo sai zagaye ya ƙare kuma kowace ƙungiya ta aiko wakiliyarta. Ƙuri'a kuma ta zauna yadda muka gada, mace ɗaya hannu ɗaya, komai yawan zubinta.

A fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu, za mu duba yadda ake lissafin rabo idan wata ta shigo ƙungiya a tsakiyar zagaye ko ta fita kafin ƙarshe, domin shi ma yana yawan kawo saɓani. Masu tambaya su ba wakiliyar unguwarsu ta iso da ita gare mu. Sakatarori, don Allah a karanta wannan shafi a wurin zubi saboda waɗanda ba su yi karatu ba. Allah ya sa albarka a cikin abin da muke tarawa, ya kare mana shi.